Taƙaitaccen Tarihin Louis Le Prince

An haifi Louis Le Prince a garin Metz na ƙasar Faransa ranar 28 ga Agusta, 1841. Mahaifinsa hafsan soja ne, kuma abokin Louis Daguerre, ɗaya daga cikin magabatan sana'ar ɗaukar hoto. A 1866 ya koma birnin Leeds na Ingila da zama, inda ya auri Elizabeth Whitley a 1869.

Ranar 14 ga Oktoba, 1888, a lambun gidan surukansa da ke unguwar Roundhay, ya ɗauki hoton mutum huɗu suna zagayawa, da wata kyamara mai ido ɗaya da ya ƙera da kansa. Cikinsu har da ɗansa Adolphe da surukarsa Sarah, wadda ta rasu kwana goma bayan haka. Abin da ya saura na hoton bai wuce daƙiƙa biyu ba, amma masana da dama na ɗaukarsa a matsayin hoto mai motsi mafi daɗewa da ya tsira zuwa yau.

Sai dai bai taɓa nuna aikinsa a bainar jama'a ba. Yana cikin shirin yin haka a New York ne ya kai wa ɗan'uwansa ziyara a Dijon. Ranar 16 ga Satumba, 1890, ɗan'uwan ya ce ya raka shi tashar jirgin ƙasa mai zuwa Paris. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ko kayansa ba a gani ba. A 1897 aka ayyana shi a matsayin mamaci.

Kafin nan wasu sun riga sun cike gurbin. Thomas Edison ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a Amurka a 1891, duk da cewa ma'aikacinsa William Dickson ne ya yi mafi yawan aikin, sannan 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna majigi ga masu biyan kuɗi a Paris a Disambar 1895.

A 1898 Adolphe ya ba da shaida a shari'ar da Edison ya shigar da kamfanin American Mutoscope, da fatan kotu za ta tabbatar da fifikon mahaifinsa. Hakan bai samu ba, domin taƙaddamar ta kamfanoni ce, ba ta iyalin Le Prince ba. A 1902 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ba Edison ne ya ƙago kyamarar hoto mai motsi ba, amma a lokacin Adolphe ya riga ya rasu.