Aldus Manutius: malamin da ya sa littafi ya shiga aljihu

Duk ɗalibin da ya taɓa danna harafin I ɗin nan mai jirkice a kwamfuta yana haɗa rahoton aikinsa, to ya ci gajiyar wani mutum da ya rasu fiye da shekara 500 da suka wuce. Sunansa Aldus Manutius. An haife shi wajen 1450 a ƙauyen Bassiano da ke Italiya. Asalinsa malami ne, ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan sarakunan garin Carpi harsunan Latin da Girkanci. Sai da ya kusa shekara 40 ya koma birnin Venis ya shiga sana'ar ɗab'i.

Abin da ya kai shi shi ne halin da littattafan magabatan Girka suke ciki. Yawancinsu rubutun hannu ne, ga kurakuran masu kwafa, ga tsada. Ya tara masana suna gwada kwafi da kwafi kafin a kai ga injin. Daga 1495 zuwa 1498 ya fitar da ayyukan Aristotal cikin Girkanci, mujalladi biyar.

A 1501 ya zo da abin da ya ɗaukaka sunansa. Ya buga waƙoƙin Virgil a ɗan ƙaramin littafi da mutum zai riƙe da hannu ɗaya, a lokacin da aka saba ganin irin waɗannan littattafai manya-manya, sai an ɗora su kan tebur. Haruffan ma sababbi ne, masu jirkicewa kamar rubutun hannu, waɗanda yau ake kira italik. Amma fa ba Aldus ne ya sassaƙa su ba. Aikin wani gwanin maƙeri ne daga Bologna, Francesco Griffo, wanda ya zauna ya fitar da kowane harafi a kan ƙarfe.

Da kasuwa ta buɗe, sai Aldus ya nemi kariya. A 1502 majalisar Venis ta ba shi takardar da ta hana kowa yin amfani da irin haruffansa har shekara 10, Paparoma Alexander na Shida shi ma ya ba shi tasa. Ya kuma sa wa littattafansa tambari, kifin dolfin ya naɗe ƙugiyar jirgin ruwa.

To, takarda ba ta tsare ɓarawo. Masu ɗab'i a Liyon ta Faransa, inda hukuncin Venis bai kai ba, suka kwaikwayi littattafan suna sayarwa. A 1503 Aldus ya buga gargaɗi, ya lissafa kurakuransu ɗaya bayan ɗaya don mai saye ya gane jabu. Su kuwa suka karanta gargaɗin, suka gyara kurakuran, suka ci gaba da harkarsu. Wanda ya san kukan da marubutan Hausa suke yi kan masu satar fasaha a Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wanda takardar ta fi ƙuntatawa shi ne Griffo. Haruffan da hannunsa ya ƙera sun zama mallakin maigidansa, ba shi da damar sayar wa wani a Venis. Suka ɓata, ya koma yi wa Gershom Soncino aiki a garin Fano, shi kuma Soncino ya fito fili ya bayyana cewa Griffo ne mai fasahar.

Aldus ya ci gaba da aiki duk da yaƙe-yaƙen da suka sa ya rufe maɗaba'ar na wani lokaci. Masanin nan Erasmus ya zauna a gidansa a 1508, a 1513 kuma ya fitar da ayyukan Plato. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1515, surukinsa Andrea Torresani ya riƙe maɗaba'ar kafin ɗansa Paolo ya girma ya karɓa.

Mu da muke koyon aikin hannu a nan Kazaure, yawancinmu a kujerar Griffo za mu fara zama, muna ƙera abu a ƙarƙashin mai jari. Kafin ka miƙa zane ko manhaja ko injin da ka haɗa, ka tambaya sunan wa za a rubuta a takardar, kuma a rubuta ɗin tun kafin kuɗi su fara shigowa.