Dakta Barau Dikko: Likitan farko a Arewa da ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa

Mutane da yawa sun san Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna, amma kaɗan ne suka san mai sunan. Shi ne Dakta Russel Aliyu Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan asibiti.

An haife shi a shekarar 1912 a ƙasar Zazzau. Ya taso cikin 'yan tsirarun Hausa-Fulani Kiristoci da suka yi karatu a hannun mishan ɗin CMS, ƙarƙashin Dakta Walter Miller, waɗanda daga baya suka tare a Wusasa. Daga nan ya wuce King's College da ke Legas, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanci likitanci. A 1940 ya kama aiki da gwamnatin mulkin mallaka a matsayin ƙaramin likita.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a rayuwarsa ya faru ne a wajen asibiti. A 1948, 'yan bokon Arewa, waɗanda ba su taka kara sun karya ba a lokacin, suka fara taruwa a Zariya da Kaduna domin tattauna makomar yankinsu. Dikko da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, na cikin jagororin Zariya. A babban taron da aka yi a Kaduna a watan Yunin 1949, aka zaɓi Dikko shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar da ta ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci.

Ke nan taron da galibinsa Musulmi ne ya miƙa ragamarsa ga Kirista, a yankin da sarakuna ke yi wa duk wata ƙungiyar 'yan boko kallon hadarin kaji. A siyasar yau, da wuya hakan ta faru ba a yi ta ce-ce-ku-ce ba.

Sai dai shugabancin bai ɗore ba. A 1951 ƙungiyar ta rikiɗe zuwa jam'iyyar siyasa, wato NPC, kuma doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Dole Dikko ya zaɓi ɗaya, ko aiki ko jam'iyya. Ya zaɓi aikinsa, ya sauka. Jam'iyyar ta ci gaba har ta samar da Firimiyan Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi kuwa ya ci gaba da duba marasa lafiya, ya zama babban likita a 1953, sannan a 1960 ya kai matsayin babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka zama ruwan dare na Ma'aikatar Lafiya ta Arewa.

Mulkin ya sake nemansa a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma tashin Wusasa ne, ya naɗa shi kwamishinan ma'adinai da wutar lantarki na tarayya, muƙamin da ya yi daidai da minista a yau. Yana kan kujerar aka kafa dokar man fetur ta 1969, wadda ta tabbatar da mallakar man ƙasar a hannun gwamnatin tarayya. A 1971 aka mayar da shi ma'aikatar sufuri.

Ya rasu a 1977.