Alhaji Abubakar Imam: Mutumin da Ya Mai da Magana Jari

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatun allo a gida, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina. Da ya gama sai ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina.

A zamanin nan Hausawa sun daɗe da rubutun ajami, amma yawanci waƙoƙin wa'azi da wasiƙu ake rubutawa da shi. Tatsuniya kuwa a baka take. Kaka ta faɗa wa jikoki da dare, in ta rasu, abin da ba a riƙe ba ya tafi ke nan.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da boko. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma da Ganɗoki. Daga baya aka kira shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa, ya sa su a bakin wani aku. Gwanintarsa ita ce, mai karatu sai ya ji kamar hira ake yi da shi a dandali.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko. Mutum ɗaya ya karanta, jama'a su kewaye shi suna saurare. Ya rasu a Zariya a 1981.

Yau magana ta koma waya. Muna tura saƙon murya, muna rubutu a Facebook, sau da yawa babu ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, har a kasa bambanta kafa da ƙafa. Ɗalibai 'yan'uwa, a Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai tsofaffi masu tatsuniyoyi da tarihin Zamfara a ka. In an yi hutu, ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu, ku kuma rubuta da kyakkyawar Hausa, tun suna raye.