Nana Asma'u, malamar da ta koyar da waƙa

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel cikin shekara ta 1793. Ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, wanda aka haifa a Maratta, nan jihar Tawa.

Da ta ga mata da ƴan matan ƙauye ba su samun zuwa gaban malamai, sai ta zuba karatu cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci, masu sauƙin hardacewa. Takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jajin ta kawo ƴan taru su ɗauki karatu, su koma gida su koya ma wasu. Da aminiyarta A'isha ta rasu, da waƙa ta yi juyayinta.

Ta rasu a 1864, kabarinta na Sakkwato. Allah ya jiƙanta.