Jean-Martin Charcot: Likitan da ya gano cutar da ke tafiya ta dawo

An haifi Jean-Martin Charcot a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 29 ga watan Nuwamban 1825. Mahaifinsa maƙerin keken doki ne.

A shekarar 1862 aka tura shi asibitin Salpêtrière, inda aka tara mata kimanin 5,000, akasarinsu matalauta da tsofaffi masu cututtukan da ba a san kansu ba.

Dabararsa ita ce ya riƙa bin majinyaciya shekara da shekaru yana rubuta alamomin ciwonta. Idan ta rasu, sai ya bincika ƙwaƙwalwarta da lakarta domin ya gano inda ɓarnar take.

Ta wannan hanya ce a 1868 ya bayyana cutar da a yau ake kira multiple sclerosis, ko MS a taƙaice. Ya nuna cewa tabbai ne ke fitowa a wurare dabam-dabam na ƙwaƙwalwa da laka, inda rufin jijiyoyi ya lalace.

Ya lissafa alamomi uku: rawar ƙwayar ido, da sarƙewar magana, da karkarwar hannu yayin da mutum ya miƙa shi zai ɗauki wani abu. Da wannan ya bambanta ta da cutar Parkinson, wadda karkarwarta ke zuwa lokacin da hannu ke hutawa.

Charcot ya kuma lura cewa ciwon kan lafa har majinyaci ya zaci ya warke, sannan ya sake tasowa. Sai dai babu yadda zai iya faɗa wa mutum ko ciwon zai dawo, domin ba ya ganin tabban sai bayan mutuwa. Magungunan da ya gwada ma ba su yi tasiri ba.

A 1882 aka ba shi kujerar farfesa ta farko ta cututtukan jijiyoyi a Paris. Daga cikin ɗalibansa akwai Sigmund Freud da Joseph Babinski. Ya rasu ranar 16 ga watan Agustan 1893.

An shafe kusan ƙarni guda kafin a fara amsa tambayar da ta gagare shi. A 1981 na'urar ɗaukar hoto ta MRI ta nuna tabban a ƙwaƙwalwar mutum mai rai.

Wani bincike da aka yi a Amurka ya bi mutanen da suka fara da kumburin jijiyar ido har tsawon shekaru 15. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna cewa kashi 25 cikin ɗari na waɗanda ba a ga tabo a hotonsu na farko ba sun kamu da cutar, yayin da adadin ya kai kashi 72 ga masu tabo.

Likitoci kan haɗa hoton da gwajin ruwan laka domin yanke shawarar ko za a fara magani da wuri. An amince da maganin farko mai rage dawowar ciwon a Amurka a 1993, shekaru 100 bayan rasuwar Charcot.

Alƙaluman shekarar 2020 sun nuna cewa mutane kimanin miliyan 2.8 ne ke fama da cutar a duniya, kuma mata sun ninka maza.