Kulod Bernar, wanda ya gano rumbun da ke cikin hanta

Yara, kun san amfanin rumbu. Da kaka manomi yakan zuba dammunan hatsi a ciki, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har wata damina. To, a cikin jikin kowanenku akwai wani ɗan rumbu na sukari. Mutumin da ya gano shi likita ne na ƙasar Faransa, sunansa Kulod Bernar.

An haife shi ran 12 ga watan Yuli 1813 a ƙauyen San Jiliyan, arewa da birnin Liyon. Mahaifinsa manomin inabi ne, kuma bashi ya yi masa katutu. Da Kulod ya zama saurayi sai aka kai shi wani shagon magani a Liyon, yana shara, yana wanke kwalabe. Amma hankalinsa yana wajen wasan kwaikwayo. Ya rubuta wani gajere, aka yi shi a Liyon, har ya samu ƴan kuɗi. Sai ya rubuta wani dogo, ya ɗauka ya nufi Pari a 1834. Wani babban malamin adabi ya karanta, ya ba shi shawara ya koyi likitanci don ya samu abin ci. Kulod ya ji zafi, amma ya bi shawarar.

Bai zama zakaran aji ba. A jarrabawar shiga aikin asibiti ta 1839 ya zo na 26 cikin mutum 29 da aka ɗauka. Sai dai yana da hannu mai kyau da ido mai lura. Wani babban likita mai bincike, Faranswa Majandi, ya ga haka, ya ɗauke shi mataimaki a 1841. Daga nan Bernar ya duƙufa ga binciken yadda jiki yake aiki.

A zamanin nan masana sun ɗauka cewa tsire-tsire kaɗai suke iya yin sukari, dabba kuwa sai dai ta ci ta ƙone shi. Bernar ya so ya san inda sukarin da aka ci yake ƙarewa a jiki. A 1848 ya ciyar da wasu karnuka nama zalla, wasu kuma ya hana su abinci, sa'an nan ya auna jininsu. Ga mamakinsa, sai ya tarar da sukari a jinin, kuma ya fi yawa wajen hanta. Daga ina ya fito, tun da karnukan ba su ci shi ba? Ashe hanta ce take yin sa.

Saura a san da me take yin sa. Amsar ta zo a 1855, kuma ƙarancin lokaci ne ya kawo ta. Bernar ya saba auna sukarin hanta sau biyu a lokaci guda, don ya tabbata. Ran nan aiki ya yi masa yawa, ya yi awo ɗaya, ya bar na biyu sai gobe. Da gari ya waye ya auna, sai ya ga sukarin ya ƙaru ƙwarai. Wani zai ce kuskure ne ya zubar. Shi kuwa ya ɗauki sabuwar hanta, ya bi jijiyarta da ruwan sanyi na minti 40, har sukarin ya fita sarai. Ya ajiye ta kwana ɗaya. Kashegari ga sukari ya dawo! Ke nan akwai wani abu a cikin hanta wanda ruwan bai wanke ba, kuma shi ne yake juyewa ya zama sukari.

Sai da ya ƙara shekara biyu kafin ya fitar da abin nan shi kaɗai. A 1857 ya jefa yankakkiyar hanta cikin tafasasshen ruwa, ya daka, ya tace, ya zuba alkol. Wani farin gari ya kwanta, ba shi da zaƙi ko kaɗan. Da ya haɗa shi da yawu sai ya koma sukari, kamar yadda sitacin hatsi yake yi. In kun daɗe kuna tauna burodi za ku ji ya fara zaƙi. Aikin yawu ke nan. Bernar ya kira garin gilikojan, wato mai haifar da sukari. Ana kuma ce masa sitacin dabba. In an ɗiga musu ruwan aidin, wanda ake sa wa rauni, sitaci yakan yi shuɗi, gilikojan kuwa ja-ja mai duhu.

Masanan da suka biyo bayansa sun ƙara haske. Sitaci da gilikojan duka ƙwayoyin sukari ne mai suna gilikos, an jera su kamar tsakiya a zare. Na gilikojan yana da rassa da yawa, saboda haka jiki yana iya tsinkar sukari ta ko'ina cikin sauri, in za a yi gudu ko kokawa. Sitaci kuwa a dunƙule yake, shi ya sa yake daɗewa cikin ƙwayar gero, dawa ko rogo. Akwai gilikojan a naman kaza da cikin ƙananan halittun da ake kira bakteriya, kuma masana suna ganin shi ya riga sitaci a duniya, daga baya kakannin tsire-tsire suka sauya shi. Hantar babban mutum tana ajiye wajen giram 100, tsokoki wajen 400. Na hanta ba ya wuce kamar kwana ɗaya in ba a ci abinci ba. Shi ne yake riƙe ku da dare, kuma don haka yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba yake rasa kuzari tun kafin azahar.

Gidan Bernar bai yi daɗi ba. Yawancin bincikensa a kan dabbobi masu rai ya yi shi, sau da yawa ba tare da maganin sa barci ba. Matarsa Fani da ƴaƴansu mata biyu sun ƙi jinin wannan aiki, har auren ya mutu. Ni a ganina suna da hujja, gama dabbobin sun sha azaba. A yau ƙasashe da yawa sun kafa dokoki a kan irin wannan gwaji.

Ya gāji kujerar Majandi a 1855. Ɗakin bincikensa yana da sanyi da danshi, rashin lafiya ta sa ya koma ƙauyensu ya huta. A can ya rubuta babban littafinsa na 1865, wanda yake koya wa likitoci su gwada abu kafin su yarda da shi. Ya mutu a Pari ran 10 ga watan Fabrairu 1878, yana da shekara 64. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin bikin binne shi, abin da ba a taɓa yi wa wani masanin kimiyya ba a Faransa. Gidansa na San Jiliyan ya zama gidan tarihi, kuma wata jami'a a Liyon tana ɗauke da sunansa.