Balthasar van der Pol

Balthasar van der Pol (27 ga Janairu, 1889 – 6 ga Oktoba, 1959) masanin kimiyyar fiziks ne kuma injiniyan rediyo ɗan ƙasar Holan. Yana cikin mutanen farko da suka ci karo da hargitsi a cikin da'irar lantarki, wato yanayin da na'ura mai bin ƙa'idar lissafi tsaf take yin abin da ba a iya hasashensa.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a birnin Utrecht, kuma a jami'ar garin ya yi karatu. A shekarar 1916 ya tafi Ingila, inda ya yi aiki da John Ambrose Fleming a Landan, daga baya da J. J. Thomson a Cambridge. Ya samu digirin digirgir a Utrecht a 1920.

Aiki da bincike

A farkon shekarun 1920 ya shiga ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven, ya zauna har 1949. A can ne ya nazarci kai-komon wutar lantarki a cikin bawul ɗin rediyo, ya fitar da lissafin da ake kira da sunansa har yau.

A 1927, shi da abokin aikinsa Jan van der Mark suka haɗa fitilar niyon da ma'ajiyar caji, suka riƙa tura musu wuta mai kai-komo sau 1000 a daƙiƙa, suna sauraro ta kan tarho. Da suka ƙara girman ma'ajiyar, sai sautin ya dinga sauka hawa-hawa: rabi, sulusi, rubu'i. Amma kafin ya faɗa wani hawan, sukan ji ƙara marar tsari. Sun ambaci ƙarar a mujallar Nature, sai dai sun ɗauke ta a matsayin ƙaramin abu. Daga baya masana suka gane hargitsi ne suka ji. A 1945 Mary Cartwright da J. E. Littlewood suka nuna cewa lissafin nasa yana da amsoshi masu tsananin sarƙaƙiya.

Tasiri

A shekarun 1980 injiniyoyi sun gano irin wannan hali a na'urorin sauya ƙarfin wuta masu kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, irin na cikin cajar waya da kwamfuta. Idan ba a daidaita na'urar ba, kai-komonta yakan sauka zuwa rabi, ya sake rabewa, har ya rikice. Wutar da take fitarwa sai ta daina tsayawa wuri guda, wani lokaci har a ji na'urar tana tsuwa. Shi ya sa masu ƙira suke lissafa iyakar da na'ura za ta yi aiki a natse.

Ƙarshen rayuwa

Ya samu lambar girma ta Cibiyar Injiniyoyin Rediyo ta Amurka a 1935. Daga 1949 zuwa 1956 ya shugabanci kwamitin duniya mai ba da shawara kan harkar rediyo a Janiba. Ya rasu a Wassenaar yana da shekara 70.